Robar Bango da Larabcina na Kasuwa

Shekarun baya, tun ba a fara shiga jirgin metro a Dubai ba, ina aiki a wani kamfanin kago a Al Qusais, ina auna kayan 'yan kasuwarmu ina cusa su a kwantena. Shekara uku na yi a ɗakin gwauraye, mu shida, kafin Allah ya sa na samu ɓangaren wani tsohon gida a Al Khabaisi, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Da takardar hayar gidan nan na nemi bizar matata da 'yarmu, wadda aka haifa ina nan, ban taɓa ganinta ba sai a hoto. In gidan ya kuɓuce min, bizar ma ta tafi.

Gidan kuwa ya ga jiya. Iskar teku ta cinye fentin gaba, bangon ya yi dabbare-dabbare kamar bayan mai ƙyasfi. Ni kuma na riga na cika wa matata baki a waya, na siffanta mata Dubai har ta ɗauka ƙasar ma da gilashi aka shimfiɗa ta. Duk safiya in na fito na kalli bangon nan sai kunya ta kama ni tun kafin ta zo.

Ana haka sai wani kwastoma ya fasa ɗaukar wasu fallayen roba farare, irin masu layi-layi da ake lulluɓe bango da su. Suka yi wata biyu a sito suna tare mana hanya, har ogana ya ce duk mai so ya kwashe. Nan take na hango gidana ya koma sabo fil.

Na dai san ba a taɓa gidan mutum bai sani ba, don haka na ɗauki falle ɗaya na tafi wajen mai gidan, wani dattijo Balarabe mai ƙarancin magana. A lokacin ina ji da Larabcina, na Islamiyya ne da na kasuwar Deira a gauraye. Ya juya robar, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya dube ni ya ce, "Fi rukhsa?"

Abin da yake tambaya shi ne, akwai izinin hukuma? Amma kunnena na ɗan kasuwa ne. Kalmar da nake ji daga safe har yamma ita ce rakhis, wato araha. Sai na ɗauka farashi yake tambaya, kada in ɗora masa nauyi. Na dafa ƙirji na ce, "Wallahi Hajji, rukhsa! Rukhsa kathir!" A nufina araha ce ƙwarai. A kunnensa kuwa na rantse masa da Allah cewa ina da izini, har ma da yawa.

Ya ce, "Khalas, yalla," wato shi ke nan, a ci gaba. Na fito baki har kunne.

Na samo masu aiki biyu suka fara huda bango suna kafa katako. Kwana na biyu wani abokina ya biyo. Badamagare ne, ya yi boko da Faransanci, yana aikin zane a ofishin wasu injiniyoyi. Mutum ne da ko shayi zai saya sai ya nemi rasit, shi ya sa nake kiransa Malam Takarda. Ya tsaya ya ƙare wa aikin kallo, hannu a aljihu.

"Bakano, ina papiye ɗin?"

"Wane papiye, wace takarda kuma? Mai gida da bakinsa ya ce yalla."

"Mai gida ba shi ne baladiyya mai kula da birni ba. A nan ba a canza fuskar gida sai da izini, balle tsohon gida irin wannan. Ka dakata in duba maka."

Na ce masa su mutanen Nijar Faransa ta tafi ta bar musu son hatimi, mu a Kano in bangonka ne ko da shuni ka ga dama sai ka shafe shi. Ya yi dariya, ya ce Allah ya kyauta, ya tafi abinsa.

Kwana na huɗu, an rufe rabin bango, ina wajen aiki aka kira ni. Jami'in baladiyya, wato hukumar birni, ya zo wucewa ya ga aikin, ya tsayar da shi, ya manna takarda a ƙofa da sunan mai gida. Kafin in iso dattijon na tsaye a wurin. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ran nan. Abin da na tsinta a faɗansa shi ne na yi masa ƙarya da sunan Allah, na ja masa abin kunya da tsufansa, in kwashe kayana ƙarshen wata.

Saura mako uku bizar ta fito. Na zauna a kan ragowar robar na rasa wa zan kira, sai mutumin da na gama yi wa tsiya shekaranjiya.

Bai ce ai na gaya maka ba. Cewa ya yi, "Maimaita min abin da kuka faɗa, kalma bayan kalma." Da na kai kan rukhsa kathir sai ya dafe kai, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya fassara min abin da na rantse a kai. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Bayan la'asar ya sa babbar riga ya raka ni gidan dattijon. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya zauna a ƙasa, ya yi bayani da Larabci mai tsabta. Ya ce, "Hajji, wannan ba maƙaryaci ba ne, Bakano ne. Ko a mafarki aka yi masa tambaya, farashi zai faɗa." Dattijon ya sa na sake faɗin kalmar sau biyu, sai na ga kafaɗunsa suna rawa don dariya. Ya ce in zauna a gidan, amma a cire robar duka, a bi hanya.

Hanyar ce ta koya min abin da ban sani ba. Mai gida ne ke neman izini, ba ɗan haya ba. Sai an kai zane da samfurin abin da za a manna. Kuma tunda gidan tsoho ne, sai injiniya ya zo ya duba lafiyar bangon tukuna. Abokina ya yi zanen a lokacin hutunsa, ya bi layi da ni har sau uku, yana ta kiran fayil ɗin dosiye ina gyara masa.

Ran da injiniyan ya zo, ya bi bangon da 'yar guduma yana saurare. Da ya kai saman tagar ɗakin kwana sai sautin ya canza. Ya ƙara bugu ɗaya, wani ɓangaren siminti kamar girman turmi ya ɓallo, rabi waje rabi cikin ɗaki. Rodin ciki ya yi tsatsa ya rube, hudar da masu aikina suka yi ta ƙara buɗe tsagar. Ya ce da na rufe shi da roba, babu mai sake ganin tsagar sai ranar da ya sauko.

Robar ma ba a amince da ita ba, an ce ta cikin ɗaki ce, ba ta jure rana kuma wuta na cinta. Izinin gyara aka bayar, mai gida ya kawo magina suka sake zuba wurin.

Matata ta iso bangon na da facin siminti, ko fenti ba a kai ga yi ba. Ta kalle shi, ta kalle ni, ta ce, "Abban yarinya, wannan ce Dubai ɗin?" Na ce ita ce. Ta shiga tana zagaya ɗakuna, ni ina riƙe da 'yata karo na farko. Da ta zo shimfiɗa wa yarinyar katifa, ba tare da ta san komai ba, sai ta ja ta ƙarƙashin tagar nan, ta ce nan ya fi iska.

Fita na yi tsakar gida na yi sujada a kan siminti.

Har yau in na ji mutum yana ƙorafin an wahalar da shi da takardu ba na taya shi, don na san abin da layin nan uku ya saya min. Ina gode wa Allah, ina gode wa dattijon da ya yarda ya saurara, da jami'in da na tsine wa a zuciyata ran nan alhali aikinsa yake yi. Abokina kuwa ya koma Damagaram tuntuni. Yarinyar ta girma, kuma duk sallah ita ke fara kiransa kafin ni, tana ce masa Baba.