Jijiyar da Ta Tsuke a Kan Baba

Baba tela ne. Bayan gobarar babbar kasuwar Terminus ta Jos ya kwaso abin da ya rage masa, keken ɗinki guda da teburin yanka, ya dawo zauren gidanmu a unguwar Congo-Russia ya ci gaba da aiki. A lokacin ina koyarwa a wata firamare, ban yi aure ba, ɗakina na jikin zauren.

Kafin babban ciwon ya zo, an yi ƙanana. Wata rana yana yanka shadda almakashi ya suɓuce masa, ya tsaya yana kallon hannunsa na dama kamar na wani ne. Jim kaɗan hannun ya dawo daidai. Wata rana kuma yana amsa gaisuwar mai kawo ɗinki magana ta harɗe masa a baki, sai can ta warware. Ya ce gajiya ce da sanyin Jos. Inna ta dafa masa citta da kanumfari. Mu ma muka bar shi a gajiya.

Wata Asabar da hantsi ina wanki a tsakar gida, na ji keken ya yi shiru a tsakiyar ɗinki. Na leƙa zaure, na tarar ya karkace a kan kujera, bakinsa ya koma gefe, yawu na zuba a kan rigar da yake ɗinkawa. Idonsa biyu. Na ce, "Baba?" Ya dube ni kawai. Na janye rigar mutane don kada ta ɓaci, na ninke ta, sannan na kira Inna.

Maƙwabcinmu Ibo mai shagon kayan mota shi ya ɗauke mu. Ya buɗe ƙofar baya ya ce wa Inna, "Mama, ka shiga, ka riƙe kansa." A hanya yana ta waiwaye yana cewa, "Oga tela, mun kusa, ka yi haƙuri." Ni ina gaba ina kallon masu tallar dankali da kabeji a bakin titi. Ban yi addu'a ba, ban yi kuka ba. Na dai lura Baba ya fito da takalmi ƙafa ɗaya.

A asibiti aka auna jininsa aka ce ya hau sosai, aka ba shi gado. Hoton kai kuwa sai bayan kwanaki aka samu yi, a wani wuri dabam. Da sakamakon ya fito, likitan da ke duba shi, wani matashi da bai daɗe da dawowa daga ƙaro ilimi a waje ba, ya ja ni baranda. Ya tambaye ni ko wani abu ya taɓa faruwa kafin wannan. Na ba shi labarin almakashin da harɗewar magana.

Ya ce, "Ina zaton wata jijiyar jini ce a cikin ƙwaƙwalwarsa ta daɗe tana tsukewa. Waɗancan gargaɗi ne. Ranar Asabar ta toshe gaba ɗaya."

Na ce, "Ba a buɗe ta?"

Ya ɗora yatsa a saman cinyarsa. Ya ce inda ya yi karatu ya ga ana huda nan, a zura wata siririyar roba ta cikin jijiya, ta bi ciki, ta wuce ƙirji da wuya har ta isa kai. Yana magana yatsansa na hawa jikin farar rigarsa. Idan ta isa wurin da ya tsuke sai a hura ɗan balan-balan a buɗa shi, wani lokaci a bar wata ƙaramar raga ta ƙarfe ta tokare wurin.

"A ina ake yi?"

"Ban san inda ake yi a ƙasar nan ba. Ko a can ma sabon abu ne, ba kowa ake yi wa ba."

"Idan mun fitar da shi waje fa?"

"Aikin na awannin farko ne, malam. Ɓangaren da jini bai kai ba ya riga ya mutu."

Na yi masa godiya. Na ga rigarsa babu maɓalli ɗaya, na tsaya ina tunanin irin zaren da zai dace da ita. Da na koma ɗaki Inna ta tambaye ni me ya ce. Na ce, "Ya ce a ci gaba da magani." Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da ɗura wa Baba kunu da cokali, rabi na dawowa ta gefen baki.

Aka sallame mu da ƙwayoyin hawan jini da na tsinka jini, aka ce mu riƙa kawo shi gashi, wato motsa masa gaɓoɓi. A hankali ya koyi tafiya da sanda yana jan ƙafa. Hannun bai dawo ba. A magana kuwa "to" kaɗai ta rage masa, da ita yake amsa sallama, da ita yake ƙin abinci. Masu ɗinki suka riƙa zuwa karɓar yadinsu, wasu an yanka ba a haɗa ba. Ni nake miƙa musu, yana zaune yana kallo.

Ya yi wasu shekaru a haka kafin ya rasu cikin wata damina. A wurin zaman makoki mutane suka yi ta yaba dauriyata, ina amsawa da amin. Ba dauriya ba ce, ban dai ji komai ba ne.

Abin da na fi tunawa shi ne askin ranar Juma'a. Wanzami ya daina zuwa, don Baba ba ya son baƙo ya taɓa fuskarsa, sai ni. Kuncin hagu yakan ɗame min shi da kansa. Na dama kuwa sai na sa yatsu biyu na ja fatar kafin reza ta bi. Idan na gama in ɗauko madubi in riƙe masa, ya daɗe yana kallo.