Shagon da Bai Kama Ba

Jiya a unguwar Yantala aka zage ni tas, wani na ɗaukata da waya, wai na bar gida yana ci da wuta ina jiƙa na maƙwabci. Cikin ɓacin ran nan na tuno marigayi shef, shugabanmu a wurin aiki.

Fitata ta farko a aikin pompiye, wato kashe gobara, shagon katifu ne ya kama a Kalley. Hayaƙin soso ya shaƙe ni, na saita tiyo tsakiyar wutar. Tsohon ya dafa kafaɗata, ya juya ni wajen shagon telan da ke manne da shi.

"Wancan ya tafi, ɗana. Jiƙa wanda ya rage."

Mai katifun ya cakumi wuyan rigarsa yana ihu: "Nawa tela ya ba ku?" Shef ya ci gaba da ba mu umarni. Sauran layin kaf ya tsira, ko sannu ba a yi masa ba.

Har yau mutane sun ƙi ganewa, ni kuma na gaji da bayani. Allah ya sanyaya kabarinka, shef. Ni kuwa ya ara mini haƙurinka, nawa ya ƙare jiya.