Yadda Gidan Sabo Ya Zama Fada

Alhaji Sabo maƙwabcina ne a garin Laurel, nan Amurka, abokin mijina marigayi, Allah ya jiƙansa. Mutumin Malumfashi ne. Da ya zo ƙasar nan gadi ya fara yi, daga baya ya koma tuƙa motar kai marasa lafiya asibiti, har yau kuma ita yake tuƙawa. Mutum ne mai kunya, ko gaisuwa za mu yi sai ya sunkuyar da kai.

Shi ne na uku a gidansu. Babban wansu, Malam Munzali, shi ya riƙe gidan gado tun rasuwar mahaifinsu. Amma a hankali dangi suka juya fuska wajen Sabo. Rigimar gona, zaɓen sunan jariri, wanda za a kai asibiti Kano, duk sai a bugo masa waya. Na sha ganinsa a mota a ƙofar gida, abincinsa na hucewa a ciki, yana sulhunta mutanen da rabonsa da ganinsu an yi shekaru.

Ranar wata Asabar na kai musu dambu, na tarar 'yarsa Juwairiyya, mai karatun tarihi a jami'ar da ke College Park, tana ba shi labari da Hausarta mai ɗingishi. Ta ce a da sarakunan ƙasar Sifen yawo suke yi da fadarsu gari gari. Sai wani sarki ya zo ya zauna a Madrid, wadda a lokacin ba ta kai tsohon birnin Toledo girma ko daraja ba. Alƙalai suka bi shi, masu neman alfarma suka bi, 'yan kasuwa suka bi. Aka bar Toledo da ganuwarta da tsofaffinta.

"To laifin wa ke nan?" in ji Sabo.

"Ba laifin kowa, Baba. Inda ake samun biyan buƙata nan ake zuwa." Sai ta yi dariya. "Kai ma ai Madrid ne. Ran sarki ya daɗe, sarkin motar asibiti."

"Ke, tafi can, marar kunya," in ji uwarta.

Shi bai yi dariya ba. Ya ture kwanon, ya ce da ni, "Hajiya, jiya aka bugo mini neman auren Mubina."

Mubina marainiya ce, 'yar ƙaninsu, a hannun Malam Munzali ta tashi. Dangin saurayin suna gari ɗaya da Malam, suna wuce zaurensa kullum, amma Amurka suka fara kira. Sabo kuma, da bakinsa ya faɗa, ya amsa musu da "madalla" kafin ya tuna akwai na gaba da shi.

"Yaya ne ya goya ni zuwa makarantar allo," ya ce. "Yanzu zaune yake a zaure, ba mai cire masa takalmi."

Na ce ya mayar da su inda ya kamata, tun magana ba ta yi nisa ba. A gabana ya kira su, ya ba da haƙuri, ya ce shi yaro ne, ba shi da ta cewa, su je wurin Malam.

Bayan kwana biyu na gamu da shi yana goge gilashin mota. Na tambaye shi ko sun je.

"Sun je, Hajiya. Da goronsu, da dattawansu. Ya shimfiɗa musu tabarma, ya saurare su har suka gama."

"Alhamdu lillahi. Ya ba su?"

Ya daɗe yana murza tsumman a hannunsa.

"Cewa ya yi su dakata tukuna, sai ya ji abin da Sabo ya ce."