Zogalen Umma da bututun gas

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Utaibiyya can ƙasa mai tsarki, mahaifiyata tana da bishiyar zogale a ƙofar gida. Irin ma daga Kano aka taho mata da shi a ƙulle cikin gefen zani. Duk Bahaushiyar da ta yi kwaɗayin kwaɗo a unguwar, gidanmu take nufa. Mu 'ya'yanta kuwa mun san matsayinmu, zogale ne babba, mu muna biye.

Sai aka gina benen alhazai a ƙarshen layinmu, aka ce za a ja masa bututun gas ta ƙarƙashin ƙasa. Ma'aikata suka zo suka ja jan fenti, ya bi daidai ta gindin bishiyar. Injiniyansu ya ce doka ta hana itace kusa da bututu, saiwa na iya fasa shi.

Umma ta fito da mayafinta. "Ya waladi, ɗana, wurin nan nawa ne."

Ya ce, "Ya hajja, daga bango zuwa waje na hukuma ne."

Ta ce, "Hukuma? Ta taɓa zuwa ta share shi? Ta taɓa zuba masa ruwa ko da kofi ɗaya?"

Ni, mai ji da Larabcin makaranta, na ce ta bar mini. Na goge farar riga, na fesa turare, na nufi baladiyya, wato ofishin hukumar gari. Na zuba jawabi har ni kaina na burge kaina. Jami'in ya saurare ni tsaf, ya duba hoton gidan, ya ce ai dakalinmu ma ya shigo titi. Na fita ceton bishiya, na dawo har da dakali a cikin rigima. Umma ta dube ni ta ce, "Sannu, lauya. Gobe kada ka je, mu dai a bar mana ƙofa."

Ranar da za a sare, na zaci kuka za ta yi. Sai ta sa na tsinke ganyen kakaf, ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli da albasa, ta cika tire ta kai wa ma'aikatan da hannunta bayan sun gama sare bishiyar. Suka ci, injiniyan har da ƙari.

Ta ce, "Ya yi daɗi?"

Ya ce, "Wallahi ya hajja, ban taɓa cin irinsa ba."

Ta nuna kututturen. "To shi ne kuka kashe."

Cokali ya tsaya masa a hannu. Ta kwashe tirenta ta shige gida.

Na san dokar gaskiya ce, ba wanda ke son gas ya tashi da layi guda. Amma har yau idan na tuna ina dariya, sai kuma in tuna abin da na gani. Ranar, da na bi Umma cikin gida na same ta a kicin tana wanke tire, wankin ya ƙi ƙarewa, ta kuma ƙi juyowa in ga fuskarta.