Malam Hammajam a Bencin Baya

Duk wanda ya yi makarantarmu ya san abin nan: ana tsakiyar darasi sai ka ji bencin baya ya yi ƙara. Ba sai ka juya ba, Firinsifal ne. Malam Hammajam ya lallaɓo ya zauna, gwiwoyi har haɓa, hula a cinya, ga littafin rubutunsa. Malami ya ce, "Kun gane?" mu amsa "Eee!" da ƙarfi, alhali rabinmu ba su san inda aka dosa ba. Sai ka ga hannu ya tashi daga baya.

"Malam, ni dai ban gane ba. A maimaita mini."

Haka zai yi ta sa a maimaita, wani lokaci da Hausa, har sai ya ga 'yan garin Sunkani masu jin kunyar Turancinsu sun fara rubutu. Malamin kimiyya ya taɓa ƙosawa, ya ce, "Yallaɓai, sau uku ke nan fa!"

"Yi haƙuri, ɗana, kan tsoho ne. Kuma mu tsofaffin ajin nan mun kai ashirin."

An ce kowannenmu, tsofaffin ɗalibai, ya rubuta abin da ya tuna game da marigayi. Ni Hajara ce ta unguwar Sintali, kun san bakina, ban iya dogon yabo ba. Abin da na sani shi ne saura wata biyu jarrabawar fita aka so a kore ni, kuma wannan tsohon ne ya tsaya. Zan zo kan maganar, ku bari in ɗan yi dariyata tukuna.

Da aka ba mu jiha, ma'aikata suka cika Jalingo da 'ya'yansu, azuzuwa suka kasa ɗaukarmu. Malam ya kwashe teburinsa ya kai gindin mangwaro, ya bar wa 'yan aji ɗaya ofishinsa. Wata rana wani babban ma'aikaci ya sauko daga mota, babbar riga na jan ƙasa, ya iske shi yana gyara ƙafar benci da guduma.

"Kai, baba, ina ofishin Firinsifal?"

"Kana ciki, Alhaji. Ka kula da kashin tsuntsu."

Da mutumin ya gane da wa yake magana, bai ko ji kunya ba. Wai 'yarsa ba ta saba shara ba, a cire ta daga masu sharar aji. Malam ya jawo tsintsiya daga ƙarƙashin tebur ya miƙa masa da hannu biyu.

"Ba damuwa. Ranarta Talata ce. Bakwai na safe za ka iya zuwa?"

Wallahi yarinyar ta yi shara har ta gama makaranta, kuma ta fi mu iyawa.

To, ga tawa. Mista Yohanna ne kaɗai malamin lissafi a manyan azuzuwa. Mutum ne mai ƙoƙari, amma ba ya son gyara ko kaɗan. Ran nan ya yi wani lissafi a allo, amsa ta fito ba daidai ba. Mai hankali sai ta ɗaga hannu. Ni kuwa daga inda nake na ce, "Malam, wannan ai shirme ne!" Aji ya tuntsire da dariya. Mista Yohanna ya ajiye alli, ya nufi gindin mangwaro, ya rantse: ko a kore ni, ko shi ya tattara nasa ya tafi.

Ku duba fa. In ya tafi, 'yan aji shida gaba ɗaya sun shiga jarrabawa ba malami. In na tafi, yarinya ɗaya ce mai tsiwa. Malamai da yawa suka ce a sallame ni kowa ya huta. Innata ta zo da kuka, tana dungurina a gaban mutane: "Na gaya miki bakin nan zai kashe ki!" Malam Hammajam ya karɓi littafina, ya kwafi lissafin, ya ce a ba shi kwana biyu.

Ran taron safe sai ga shi an ɗauko masa allo har fili. Ya ce akwai lissafin da ya hana makaranta barci, yau shi da kansa zai raba gardama. Ya yi ta rubutu yana zufa, ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsa, ya juyo yana murmushi. Jama'a, amsar ba tawa ba ce, ba ta Mista Yohanna ba ce, wata ta uku ce da ba ta da uwa ba ta da uba! Can sai wata 'yar aji uku, Rifkatu, ta ɗaga hannu.

"Yallaɓai, ka manta ka rage biyu a layi na uku."

Ya duba, ya dafe kai. "Kai! Gaskiyarki. Zo ki gyara wa tsoho." Ta gyara, amsa ta fito irin tawa. Ya ce mata da Fulatanci da Hausa, "Useko, na gode," ya sa aka tafa mata. Sannan ya tambayi makaranta, "An gyara mini a gabanku duka. Na mutu?"

"A'a!"

"Hulata ta faɗi?"

"A'a!"

Ni har na fara ɗaga kafaɗa, sai na ji, "Hajara, fito. Rifkatu ta yi gyara, ke kin yi zagi. Ba malaminki haƙuri."

Na ce, "A yi haƙuri," ina kallon sama.

"Da mangwaro kike? Sake."

Na sake.

"Wannan ai kamar kina korar akuya. Sake."

Sau huɗu! A na huɗun muryata ta karye, kuka ya zo mini na gaske. Mista Yohanna ya ce, "Ya wuce. Amsarki ce daidai." Sati guda na yi ina yankan ciyawa a bayan ɗakin gwaji, amma na rubuta jarrabawata, shi ma bai tafi ba.

Shekaru ina ba da labarin nan ina dariya, wai Firinsifal guda ya kasa lissafin da 'yar aji uku ta iya. Sai watan jiya, da na je gaisuwar rasuwa a gidansa na unguwar Barade. Na fito daga wajen Hajiya matarsa, na tarar da Mista Yohanna a ƙofar gida, idonsa jajir. Don in sa shi murmushi na ce, "Malam, ka tuna ranar da Baba ya kasa rage biyu?"

Ya dube ni. "Hajara, har yanzu ba ki da wayo. Shi fa ya koya mini lissafi tun ina aji ɗaya. A rayuwata ban taɓa ganin ya kuskure ba sai ran nan."

Ni mai baki, sai na zauna a dakali na yi kukan da ban yi a cikin gida ba.

Ya Allah, bawanka Hammajam ya zubar da girmansa a gaban yara don kada a zubar da 'yar mutane. Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mana, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa. Amin.