Robar da Aka Sa Min Ban Sani Ba

Ko tsufa ya cinye min tunani, ba na jin zan manta da ranar da wata likita a Manchester ta juyo da allon na'urar hoto, ta nuna min wani ɗan farin abu a cikin mahaifata.

A lokacin shekara uku ke nan ina neman haihuwa ta biyu. Ɗana na fari da tiyata aka ciro shi, ba mu daɗe da tarewa a unguwar Levenshulme da ke Manchester ba, maigidana na fama da karatun digiri na uku. Na yi sakandare, ina karanta Turanci, amma na bakin mutanen garin nan wuce ni yake yi kamar iska. Shi ya sa yayar maigidana, wadda ta daɗe a Birmingham, take hawo jirgin ƙasa ta raka ni awo. Ita ce mai magana da su, ni nawa murmushi. Da aka tsayar da ranar tiyata aka miƙo takardu, ta ce, "Amarya, sa hannu a nan, da kuma nan. Duk na aikin ne." Na sa, har da yi mata addu'a.

Bayan na yaye yaron, shiru. Babu abin da ban yi ba: azumi, sadaka, zuma da habbatussauda. Duk wata in na ga al'ada sai in zauna a kan sallaya in yi ta kuka. Sau nawa na kira baiwar Allahn nan ina shessheƙa, ta ce min, "Haƙuri za ki yi, haihuwa ta Allah ce."

Daga ƙarshe likitan unguwarmu ya tura ni hoto. Likitar ta ce, "Kin san akwai koyil a jikinki?" Ta yi min bayani a hankali: robar hana ɗaukar ciki ce, an sa ta lokacin tiyata, ga ma sa hannuna a fayil. Na kalli rubutuna, nawa ne kuwa.

Maigidana ya rantse bai sani ba, kuma na yarda da shi. Washegari ni kaɗai na tafi Birmingham. Na same ta tana tuƙa tuwo.

"Yaya, ke kika ce a sa min roba?"

Ko muciyar ba ta ajiye ba. "To, sai aka yi yaya? Ƙanina na karatu, flat ɗaki ɗaya, ki cika masa shi da 'ya'ya? Taimakonku na yi."

"Shekara uku ina yi miki kuka a waya!"

"Ai da ya gama zan faɗa miki."

Ni da ko kaza ba na iya kallo ana yankawa, ranar sai da na riƙe bakin ƙofa don kada in aikata abin da zan yi nadama. Na ce, "Jikina ne, Yaya, ba ɗakin ajiyarki ba. Allah zai tambaye ki." Na fito ko ruwan gidanta ban sha ba.

Cire robar ko minti biyar bai ɗauka ba. Shekara na zagayowa Allah ya ba mu 'ya mace. Muna gaisawa da Yaya saboda zumunci, amma yafiya har yau ina roƙon Allah ya ba ni ikon yi.

Ba robar ce ta ƙona min rai ba, da an tambaye ni ma wataƙila in amince. Abin da na koya shi ne, kunya ba ta hana tambaya. Duk takardar da ban gane ba, ko uwata ce ta miƙo min biro, sai na ji abin da ke ciki da kunnena.