Ranar da Aka Zo Mini Jaje Kan Ƙwallon Kwando

Wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta shekarar, wanda har yau ake labarinsa, ban gan shi kai tsaye ba. Surukata ce ta sauka daga Kano a daidai lokacin, kuma ba a taɓa jin wanda ya bar suruka a filin jirgi don wasu dogayen mutane na jefa ƙwallo a raga ba. Na sa akwatin talabijin ya naɗa mini, na ƙudura cewa zan kalla washegari bayan aiki ba tare da na san wanda ya ci ba. Iyakar burina ke nan.

Na kashe waya. A jirgin ƙasa daga Alexandria, garin da nake zaune a nan ƙasar waje, na sunkuyar da kai kamar sabon ango a gaban iyaye, don kada in ga hular murnar nasara a kan wani ko fuskar jarida. A makarantar da nake koyarwa na gargaɗi ɗalibai cewa duk wanda ya ambaci ƙwallo zai rubuta insha'i. Na dawo gida da jahilcina cif, ina alfahari da shi.

Na haɗa shayi, na zauna ke nan, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani dattijo ne daga garin Clinton da ke ƙetaren kogi, tsohon injiniya da duk muke kira Baba, mutumin da bai taɓa fashin suna ko ta'aziyya ba. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa maimakon kujera. Gabana ya faɗi, na fara tunanin tsofaffin da muka baro gida.

"Malam," in ji shi, "ashe abin da ya faru ke nan. Yarona ya ce naku ne aka kayar. Ya muka ji da haƙuri?"

"Baba, ai ban gani ba tukuna."

"Gara da ba ka gani ba. An ce a ƙarshe-ƙarshe aka ƙwace muku. Allah Ya mayar da alheri."

Me zan ce? Mutum ya tuƙo mota ya ƙetaro kogi don ya jajanta mini. Na ce amin, na gode, Allah Ya bar zumunci.

Da ya fahimci wasan na cikin akwati, sai ya ce sam ba zai bar ni in kalla ni kaɗai cikin wannan hali ba. Baba bai san dokar wasan ko ɗaya ba, ya dai san ƙarshensa. 'Yan wasanmu suka fara da zafi, suna gaba, suna tsalle suna dukan ƙirji. Duk ƙwallon da suka jefa sai ya girgiza kai.

"Allah sarki. Ba su sani ba."

Abin mamaki, sai na tsinci kaina ina sa rai duk da haka. Wataƙila yaron ya ruɗe ne. Har na miƙe tsaye da ya rage saura kaɗan, ana kunnen doki. Baba ya dafa gwiwata.

"Zauna, Malam. Ina jin nan ne wurin. In ba za ka iya ba, kawar da kai, in ya wuce na gaya maka."

Nan ne wurin kuwa.

Na raka shi har mota. Ya sauke gilashi ya ce in sa a dafa shinkafa da yawa ranar Asabar, don ya sanar da jama'a a masallaci, za su zo.